Yarinyar Benci na Ƙarshe

Na fara koyarwa a wata firamare da ke gefen Sharada, a shekarun da gwamnati ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horar da malamai ba, sabuwar amarya ce ni kuma, ina ji da kaina. Makarantarmu dogayen gine-gine biyu ne masu rufin kwano, bayanta gonakin dawa, gabanta katangar wata masaƙa. Da jiniyar masaƙar nan muke sanin lokaci, don ta fi ƙararrawarmu cika alkawari.

Yaranmu kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan manoman garin, waɗanda kowa ya san gidan kakanninsu. Akwai kuma 'ya'yan ma'aikatan kamfanoni da suka zo daga ƙauyuka suna zaman haya, su ne yau ka gan su, gobe ka neme su ka rasa. Saboda irin waɗannan yaran ne hedimastanmu, wani dattijo mai sanyin magana, ya kafa doka: duk yaron da ya yi mako guda bai zo ba, malamin ajinsa ya taka har gidansu.

"Ba faɗa na aike ku ba," haka yake ce mana kullum. "Dubiya za ku je."

Malamai maza iyakarsu ƙofar gida, su gaisa da maigida su juyo. Mu mata uku da ke makarantar mu ne masu shiga har tsakar gida, don haka yawancin yawon a kanmu yake ƙarewa. Ni kam ba na son aikin. An tashi da rana tsaka, ga girki yana jirana, sai kuma a ce in bi lunguna ina tsallaken kwata.

A shekarata ta huɗu aka ba ni aji huɗu. Akwai wata yarinya 'yar shekara goma da na zaunar a benci na ƙarshe saboda ta fi 'yan'uwanta tsayi. Tana da kai, rubutunta kamar an buga da inji, kuma takan riga kowa ɗaga hannu. Da aka dawo daga hutun bazara sai na ga ta rame, ta yi shiru. In na kira suna ba ta amsawa sai ta kusa da ita ta zungure ta. Na yi musu shifta, ita da ba ta taɓa faɗuwa ba, sai ga littafinta da kalma biyu kacal. Na ce a raina girman kai ya soma shigarta.

Wata Laraba na yi tambaya na kira sunanta. Tana kallon taga. Na sake kira, na kira na uku da ƙarfi, ko motsi ba ta yi ba. Aji ya fashe da dariya. Raina ya ɓaci, na taka har bayan aji na fizgo ta, na zuba mata bulala shida a tafin hannu. Ina yi mata faɗa, ita kuwa ta ƙura wa bakina ido, ba ta ko ƙiftawa. Wannan kallon ma na ɗauke shi rashin kunya, na sa ta durƙusa a rana har aka tashi tara.

Washegari ba ta zo ba. Mako ya wuce ban ce wa kowa komai ba. A mako na biyu hedimasta ya zo duba rajista, ya sa yatsa a kan layin sunanta.

"Malama, kin je gidansu?"

"Ban samu sukuni ba, Malam."

"To yau ki samu."

Da kwatance na gano gidan, can bayan masaƙar, inda ruwan rini yake fitowa ta babbar kwata, wani lokaci ja, wani lokaci shuɗi. Gidan haya ne mai ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyoyin shanya cike da kakin ma'aikata. Tun a hanya na shirya abin da zan faɗa wa uwar game da tarbiyyar 'yarta.

Na yi sallama, mata suka amsa, aka nuna min ɗakin. Yarinyar tana zaune a bakin ƙofa ta ba ni baya, tana tsince wake a faifai. Na sake sallama a kanta, ba ta juyo ba. Sai uwar ta fito da goyo a bayanta, ta dafa kafaɗarta. Yarinyar ta waiwayo, ta gan ni, ta saki faifan ta shige ɗaki da gudu.

Uwar ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Yarinyar 'yar fari ce, don haka uwar ba ta ambatar sunanta.

"Yaya, yarinyarki ta daina zuwa makaranta," na ce. "Kuma tun kafin nan halinta ya canza. Ana kiranta tana jin mutane tana yin banza da su."

Matar ta durƙusa tana kwashe waken da ya zube.

"Malama, ai ba ta ji ne."

"Ba ta jin magana, shi nake faɗa miki."

"A'a, Malama. Kunnen ne ba ya ji."

Ta ba ni labari a hankali. Da hutu sun kai yarinyar wurin kakarta a ƙauye, sanƙarau ya shigo garin, ya kama ta. Kwana da kwanaki ba ta san inda take ba. Allah ya yi da sauran kwananta ta tashi, amma kunnen dama ya mutu, na hagu kuwa sai an kai baki kusa an ɗaga murya. Su kansu ba su lura da wuri ba, saboda mahaifinta da ƙarfi yake magana, kowa a ɗakin ya saba yi masa ihu.

"Me ya hana ku gaya mana?" na tambaya. Muryata ta riga ta canza.

"Ita ta hana. Har kuka ta yi. Ta ce in aka sani korarta za a yi."

Na kasa kallon matar. Ita ce ta taɓo maganar da nake tsoro, kuma ba da fushi ba.

"Ranar nan ta nuna min hannunta. Na ce mata ta yi haƙuri, malama ba ta sani ba ne."

Muna cikin haka mahaifin ya dawo daga aikin safe, gashinsa da girarsa duk farin ƙurar auduga. Ya gaishe ni da murya kamar yana kiran wani a ƙetaren titi, sannan ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, shekara tara ke nan yana tsaye a gaban injin saƙa, ƙarar ta cinye masa kunne.

"Ni nawa a wurin neman abinci ya tafi, Malama, ban damu ba. Amma wannan yarinya karatu take so. Babu wata dabara?"

Na ce akwai. Na san gwamnati ta buɗe makarantar kurame a cikin gari, har da wurin kwana. Na ce zan karɓo musu takarda, ni da kaina zan kai ta. Mutumin nan ya yi ta sa min albarka har na ji nauyi.

Kafin in tafi na shiga ɗakin. Tana rakuɓe a bayan gado. Na ɗauko littafinta daga jaka, na zauna kusa da ita da biro a hannu. Abin da ke zuciyata in rubuta shi ne ta yafe min. Na daɗe biron yana kan takarda. Sai wani abu ya ce min malama ba ta ba ɗaliba haƙuri, na rubuta: "Zan dawo ranar Asabar in kai ki sabuwar makaranta." Ta karanta sau biyu, ta karɓi biron, ta rubuta a ƙasa: "To Malama na gode."

Da safe na gaya wa hedimasta komai, ban da bulalar. Nan take ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban waccan makarantar, ya buga hatimi ya miƙo min.

Asabar ta zo daidai da bikin ƙanwar mijina, ni ce a kan tukunya. Na ce ta gaba. Ta gaba kuma ga takardun jarrabawa jibge ina makin. Sau ɗaya na shiga motar haya na je makarantar, aka ce shugaban ya tafi ma'aikata, in dawo jibi. Ban koma ba. Laulayin cikina na fari ya kama ni, aka yi dogon hutu, na tafi gidanmu. Ko aike ban yi musu ba. Ba mantawa na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Kullum tana raina. Komawa gidan nan in haɗa ido da ita ne yake min nauyi, sai in riƙa samun dalili. Hedimasta ya tambaye ni sau biyu, na ce ana kan magana.

Da aka dawo hutu sai muka tarar jiniyar rana ta daina bugawa. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, masaƙa ta sallami ma'aikata da yawa, haka ma wasu kamfanonin a Challawa da Bompai. Benci-benci suka zama wayam a ajujuwanmu. Ranar ban jira an tashi ba, na roƙi wata malama ta riƙe min aji, na nufi gidan.

Kwaɗo na tarar a ƙofar ɗakin. Wata maƙwabciyarsu da ke wanki a bakin rijiya ta ce sun yi mako uku da tashi, sun loda kayansu a akori-kura sun koma gida.

"Wane gari?"

"Wallahi can wajen Gumel dai na ji suna faɗa. Ban riƙe sunan ƙauyen ba." Ta tsaya da wankin ta dube ni. "Ke ce malamar?"

Na ce ni ce.

"Ayya. Duk Asabar sai yarinyar nan ta yi wanka ta sa kayan makaranta, ta zauna nan da jakarta har azahar. Uwar ta yi ta fama ta cire, ta ƙi."

Ban san yadda na koma makaranta ba. Na shiga ofishin hedimasta na ajiye masa wasiƙarsa, ta yi laushi saboda daɗewa a jaka. Na gaya masa duka, har bulalar, har ƙaryar da na yi masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in zauna, ya bari na gama kukana.

"Da kin ce min ba za ki iya ba, da na hau kekena na kai ta," ya ce. "Abin da kawai za ki faɗa ke nan."

Shi da kansa ya je bakin masaƙar ya tambayi waɗanda suka yi aiki da mahaifin. Wani ya ce wannan ƙauye, wani ya ce wancan, wani ma ya ce sun ƙetara Nijar. Ya ba direbobin hanyar Gumel saƙo har sau biyu. Babu wanda ya dawo da labari.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, har na riƙe makaranta. Daga baya na kai yara biyu waccan makarantar ta kurame, ɗaya ma ya zama tela, yana da shago da iyali. Mutane suna yaba min a kan haka, ni kuwa na san abin da ya sa na yi. Ita dai ban sake jin ɗuriyarta ba. In tana raye yanzu ta yi jikoki. Ban sani ba ko wani ya sake sa ta a aji, ko karatun nata a nan ya tsaya.