Ranar da na taƙaita maganar Iya

In dai ina numfashi, ba zan manta da ranar da aka jarraba ni a gaban mutanen ƙauyenmu ba. Shekarar fari ce, soja ke mulki, kowa na auna bakinsa ko a gindin bishiya. Rijiyarmu ta ja baya har sai an ƙulla igiya biyu kafin wasaki ya taɓa ruwa.

A lokacin ne wani proje, wato aikin taimako na ƙasashen waje, ya sauka Mayahi. Suka ce ba za su haƙa rijiya ko ɗaya ba sai sun horar da mutum daga kowane ƙauye, wanda zai tsaya tsakaninsu da jama'a. Mu da ke gefen Kanan-Bakashe, ni aka tura, don na ɗan zauna lakwal, makarantar boko, ina jin faransanci. Gaskiya son gani ne ya kai ni. Ina ta tambayar kaina, wai shugabanci ma koyar da shi ake yi, kamar ɗinki?

Kwana goma muka yi. Mai horar da mu wata Baturiya ce doguwa, muna ce mata Madam. Na ɗauka za ta cika mu da bayani, sai na ga tambaya ta fi yawa a bakinta. Wa ke ɗebo ruwa a garinku? Wa ake tambaya kafin a yanke magana? Wa ba a taɓa tambaya ba? Ta kan sa mu zana ƙauyukanmu a ƙasa da tsinke, ta tsuguna tana kallo kamar ba ta taɓa ganin rairayi ba. Ni kuma ita nake kallo, ina son in gane me take nema.

Ranar ƙarshe aka ce kowa zai ja taro a ƙauyensa. Muka zo a mota, da Madam da wani soja mai igiya biyu a kafaɗa wanda hukuma ta haɗa su da shi. Shi ne ya riga ya kafa turke a arewacin gari, inda takarda ta ce a haƙa. Maza suka yi ta godiya, ina fassarawa, hankalina kwance.

Sai wata tsohuwa mai ginin tukwane ta miƙe daga bayan mata. Duk gari Iya muke ce mata.

"Ɗana, gaya wa Baturiyar wurin nan an taɓa haƙa shi tun ina amarya. Ruwan zartsi ne, ko jaki bai sha ba. Can gabas inda nake ɗibar yumɓu, ƙasar ba ta bushewa ko da bazara. In wahala za a yi, a yi ta inda za a sha."

Na dubi sojan, na dubi turken da ya kafa da hannunsa. Na juya na ce da Madam, "Tana godiya ne, tana yi muku fatan alheri."

Madam ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Ta yi magana mai tsawo, ta nuna gabas sau biyu, kuma ba wanda ya ce amin. Godiyar ke nan?"

Sai a lokacin na gane abin da take nema duk kwanakin nan: maganar waɗanda ba a taɓa tambaya ba. Iya ba ta jin faransanci, amma ta ga gajartar maganata.

"Ka faɗa mata duka kuwa, ɗana?"

"Ban faɗa ba, Iya."

"To faɗa. Ni na yi maganar, ba kai ba."

Na faɗa, kalma bayan kalma. Ina gamawa sojan ya gyara tsayuwa, ya yi magana da Hausa tsantsa, ashe duk yana ji.

"Iya, wurin da nisa?"

"Ba nisa ga mai ƙishirwa."

Muka bi ta a ƙafa, gari guda. Ta durƙusa a ramin yumɓunta, ta tona da hannu har gwiwar hannu, ta damƙo ƙasa ta miƙa wa sojan. Ya murza, ta manne masa a yatsu. Ya aika aka tuge turken aka kawo. Har yau ban san abin da ya raya a ransa ba, kuma na so in sani.

Kafin damina aka samu ruwa a wurin, mai daɗi. Madam ba ta yi mini faɗa ba. Da za ta shiga mota ta tambaye ni wa ya ja taron yau. Na ce Iya. Ta yi murmushi, ta ce in koma wurin Iya in ƙarasa karatuna.

Na shekara da yawa bayan haka ina tsayawa tsakanin baƙi da mutanenmu, har ni ma na horar da wasu. Abin da na koya a ranar shi nake fara gaya musu: duk wanda aka ɗora a gaba, maganar mutane amana ce a bakinsa. Ko tana da ɗaci, ko ana jin tsoro, ya kai ta yadda aka ba shi.