Tankin Ten Tekaiwa

A rajistar ofishinmu na ƙauyen Tabwakea, shafi na arba'in da ɗaya, akwai layin da na rubuta da hannuna: "Makamin nukiliya da aka miƙa: ɗaya. Mai shi: Ten Tekaiwa." Shekara goma sha tara ina aikin akawu a tsibirin Kiritimati, ban taɓa goge layi ba, wannan ma yana nan.

Tekaiwa mai fasa kwakwa ne tun yana saurayi. Yana cikin waɗanda sojojin Turawa suka tara a fili lokacin gwajin bama-bamai, aka ba kowa bargo, aka ce su juya baya su rufe ido. Da sojojin suka tashi tafiya, ya ga wani dogon tankin ƙarfe mai tsini a bayan sansaninsu, sai ya yi wa wani soja bubuti, roƙon nan namu da ba a ce masa a'a. Sojan bai san al'adar ba, kafaɗa kawai ya ɗaga. Tun ranar Tekaiwa ya yarda da abu biyu: Turawa suna da tarbiyya, kuma abin da suka ba shi kwanson bam ne. Ya kafa shi ƙarƙashin indararo, ya sha ruwan sama daga cikinsa fiye da shekara hamsin.

Sai ga labari a rediyo cewa ƙasarmu, wadda ko allura ba ta ƙerawa, ta yi alkawari a gaban duniya ba za ta ƙera makamin nukiliya ba, ba za ta ajiye ba. Ranar Talata da ƙarfe tara da kwata, Tekaiwa ya turo tankin a amalanke, matarsa Nei Rakera tana biye da shi tana faɗa.

"Akawu, rubuta," in ji shi. "Duniya ta yi mana bubuti, ga nawa. Ba ni zan mai da ƙasata maƙaryaciya ba."

"Baba, wannan ai tanki ne."

"Kai kana wurin lokacin da aka ba ni?"

"Gaya masa dai, ɗana," in ji Nei Rakera. "Tsoho ya zubar mini da ruwan wata biyu! Bam ɗin da na wanke wa ciki da tsintsiya? To me za mu sha, yarjejeniya?"

"Ke ba ki san harkar ƙasashe ba. Mu ma mun roƙi manyan ƙasashe su kawo nasu. Da wane ido zan dube su?"

Ba a mayar da dattijo da kayansa, don haka na rubuta, na kulle tankin a sito, na aika wasiƙa Tarawa, babban birninmu. Bayan wata huɗu wata ma'aikaciya ta zo da na'ura, ta zagaya shi sau biyu, ta ce tankin man jirgin sama ne. Na kai wa Tekaiwa sakamakon har gida, na ce ya zo ya ɗauka.

"Abin da aka roƙa ka bayar, ba ka komawa ka karɓa," in ji shi. "Manyan sun kawo nasu?"

"Tukuna, Baba."

"Suna da nisa. Za su kawo."

Kowane farkon wata sai ya zo ya yi wannan tambayar. Sau bakwai na rubuta zuwansa. Ana nan ruwan sama ya dawo yana zuba a banza daga indararonsu, su kuwa suna shan ruwan rijiya mai zartsi. Tekaiwa ya rame, cikinsa ya ƙi zama, amma bai sauya magana ba.

A wata na takwas Nei Rakera ce ta zo, ita kaɗai da amalanke. Ta zauna, ta gyara zani.

"Ɗana, bubuti na zo yi. Tankin nan nake so."

"Inna, kayan yana cikin rajista."

"Rajistar ce za ta hana ni, ko kai? Wa ya haife ka a garin nan?"

Na duba dokokin ofis, ban ga inda aka ce akawu ya daina zama ɗan gari ba. Na buɗe sito. A ƙarƙashin layin farko na ƙara: "An ba Nei Rakera, bisa roƙo."

Da na wuce ta gidansu bayan mako guda, tankin ya koma gurbinsa, ya cika har baki. Tekaiwa yana zaune a nesa da shi, ya juya masa baya.

"Ni dai na cika alkawarina, akawu," in ji shi. "Yanzu wannan matar ce mai bam a tsibirin nan. Ka sanar da Tarawa."

"To mai alkawari," in ji Nei Rakera, tana riƙe da moɗa, "za ka sha, ko sai manya sun kawo nasu?"

Can ya miƙa hannu ta baya, bai waiwaya ba.

"Bubuti," in ji shi.