Likitan da Ba a Gaishe Shi a Kasuwa

Tun masu shara ba su gama da barandar asibiti ba yake isowa, ya rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya ɗaga hotunan marasa lafiya yana dubawa a hasken taga. Likitan tsakuwa ake ce masa, don aikinsa ke nan, ciro tsakuwar da ta toshe wa manya hanyar fitsari. Tun rasuwar mai ɗakinsa, da 'ya'ya suka watse neman na kansu, shi kaɗai yake shan shayinsa.

Ciwon da yake magani ciwon kunya ne. Mutum zai riƙe hannunsa yana hawaye a ofis, amma in sun haɗu a kasuwa sai ya duƙufa taya tumatir. Likita ya gane, har shi yake fara kau da kai don ya sauƙaƙa musu. Abin yana masa ciwo. Ya taɓa gaya wa babbar nas cewa yana tsoron ya bar aikin nan kamar bai taɓa yi ba.

Ita ce ta ba da labarin wani direban babbar mota da ya daɗe yana fitsari ɗigo-ɗigo. Hoto bai nuna komai ba, har dangi suka ce jifa ne. Likita ya saurare shi tsaf, ya lalluba da hannu, ya ce tsakuwar ta ɓuya a wani lungu da ba ta saba zama ba. Ya yi tiyata ya ciro ta, kamar ƙwallon dabino, ya wanke ya damƙa masa, yadda yake yi wa kowa.

Ranar da ya ajiye aiki aka jera kujeru, rabinsu ba kowa, sauran kuma ma'aikata ne kawai. Ana shirin tashi sai ga direban, furfura ta cika kansa. Ya kwance wani ƙyalle, ya ɗaga tsakuwar.

"Baba likita, na sha ganinka a tasha ina ɓuya bayan mota. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jama'a, daga jikina ya ciro wannan."

Likita ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Likita, kai ne mai rufin asirin da ya rasa mai gaishe shi. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu tasowa, ku koyi saurare irin nasa. Ku kuma da ya raba da tsakuwa, har yanzu da kansa yake zuwa cefane. In kun gan shi, ku ajiye tumatirin nan.