Shekarar da Maigida Ya Sake Koyon Tafiya

Mijina bafatake ne. Da damina ya yi noma, da rani ya ɗora wa jakai mangalar kanwa ya bi ayari daga Matameye zuwa Kano. Wannan tun Nasara ba su shigo ƙasar Damagaram ba. Mutum ne da zama ba ya karɓarsa, ko tuwo yake ci ƙafarsa na rawa.

Wata kaka, ana tsakiyar yankan gero, ya dawo gida da azahar ya ce kansa na sara. Na miƙa masa fura, ƙwaryar ta suɓuce daga hannunsa. Da na dubi fuskarsa sai na ga baki ya karkace. Kafin in yi kira ya zame ƙasa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannu da ƙafa.

Mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, tare muke zaune. Ita ta sa aka shimfiɗe shi a ɗakinsa, ta ce kada wanda ya motsa shi sai Allah ya kawo sauƙi. Ban yi musu ba, amma na san ciwon. Mahaifina ya yi shi ina budurwa. Tausayi ya sa aka bar shi kwance, har bayansa ya yi gyambo, gwiwoyinsa suka ƙage, ƙirjinsa ya cika da majina. Ni na riƙa wanke gyambon nan har ranar da ya cika. Saboda haka na ƙudura a raina, in dai ina numfashi, maigida ba zai ruɓe a kan tabarma ba.

Na fara da abin da ba zai tayar wa Inna hankali ba. Ina juya shi daga wannan gefe zuwa wancan, safe da rana da yamma. Ina narka man kaɗanya in mulke masa kafaɗa da ƙugu da diddige, in lanƙwasa yatsun in miƙe su, in naɗe gwiwar in buɗe. Inda ya yamutsa fuska, nan nake tsayawa. Da ya fara haɗiyar kunu ba ya ƙwarewa, sai na jingina shi da bango. Ranar farko leɓensa ya yi fari, zufa ta karyo masa, na yi maza na kwantar da shi. Washegari na sake. Fuskarsa ce ma'aunina, don bakinsa ba ya faɗin gaskiya. In ka tambaye shi ko ya gaji, sai ya ce a'a, alhali numfashinsa na fita sama-sama.

Da zama ya zaunu, na haƙa ramuka daga ƙofar ɗakinsa zuwa gindin rumbu, na kafa dirkoki, na ɗaure gora a kansu daidai ƙugunsa. Na kwashe turmi da taɓarya daga hanyar, na mayar da turken akuya bayan ɗaki, na cike duk wani kwari da ƙasa. Ina tsayawa ta ɓangarensa mai ciwo, hannuna riƙe da ɗamarar da na ɗaura masa, shi kuma ya kama gorar da dama. Da hantsi muke yi kafin rana ta yi zafi, sai kuma bayan la'asar. Kullum sai ya zauna bakin gado jiri ya sake shi kafin in bar shi ya miƙe.

Inna takan zauna a ƙofar ɗakinta tana kaɗi tana kallonmu. "Ƴar nan, mara lafiya kike wa horon jaki?"

"Inna, kaɗan-kaɗan ne. In ya gaji zan mayar da shi."

Abin da ya fi ba ni wuya barcinsa ne. Ya yini yana gyangyaɗi, in gari ya waye kuma ya ce bai runtsa ba, yana ta tunanin ayarin da zai tashi babu shi. Ga goro, duk wanda ya zo dubiya sai ya kawo masa, shi kuwa yana ta ci har magariba. Na karɓe goron na sa a tukunyata, na ce ɓari guda da safe, shi ke nan. Ya yi fushi, ya ce a gidansa an mai da shi yaro. Na ce ya yi fushin, in ya warke ya rama. Na riƙa fito da shi tsakar gida ya sha hasken safiya, ƙailula kuwa ba na bari ta yi tsawo. Masu dubiya na roƙe su su riƙa zuwa da rana. Da almuru in gasa masa jiki da ruwan ɗumi, ya sha kunun tsamiya, a rage hira. A hankali barcin ya fara komawa inda Allah ya ajiye shi.

Magani kuwa, kowa da nasa. Malamin unguwarmu yana aiko da rubutu, ni da kaina nake wanke allon in ba shi, kuma na ga yadda hankalinsa ke kwanciya in ya sha. Wanzami ya zo da ƙahonsa zai yi masa tsaga. Na gaishe shi ta bayan zana, na ce, "Baba, dubi tafin hannunsa yadda ya yi fari. Jinin da ya rage masa bai kai na zubarwa ba." Ya duba, ya ce gaskiya ne, a bari sai ya yi ƙwari. Aski kawai ya yi masa ya tafi.

Ran nan, ranar kasuwa, na tafi rijiya da safe na tarar da layi. Da na dawo na same shi yana barci mai nauyi, abin da ba ya yi a wannan lokaci. Na ɗora tukunya. Can sai na ji faɗuwar abu. Na ruga na same shi kife a bakin ƙofa, gira ta fashe, jini na zuba. Idanunsa sun buɗe ƙwarai, bakinsa ya bushe ƙamas, yana ta kora jakan da babu su a wurin. Na danne ciwon da tsumma, na kwantar da shi ta gefe, na zauna kusa da shi ina jiƙa masa leɓe. Sai da rana ta karkata ya gane ni.

A bayan gado na ga ƴar ƙwarya da sauran jiƙo. Na tsiyaye ruwan na ga ƴaƴan zaƙami a ƙasa. Inna ce ta saya wurin wani mai magani da ya zo cin kasuwa, ya ce mata yana sa barci.

Na same ta a ɗakinta tana kuka. Tana ganina ta ce, "Ke kika koya masa tashi. Da yana kwance da bai faɗi ba."

Na durƙusa. "Inna, ɗanki ne, ni riƙo aka ba ni. Na san don ya samu barci kika ba shi. Amma wannan jiƙon shi ya ɗauke masa hankali har ya tashi babu kowa kusa. Ina roƙon abu ɗaya. Duk abin da zai shiga bakinsa, mu gan shi mu biyu tukuna."

"Tafiyar fa?"

"Tafiyar ba zan bari ba, Inna. Ko za ki yi fushi da ni."

Daga baya ta share ido da bakin zane ta ce in kawo mata man kaɗanyar, hannunta ya fi nawa sanin jikinsa. Tun daga ranar ita ke yi masa tausa.

Sai dai faɗuwar ta karya masa zuciya. Ciwon gira ya warke, amma ya ƙi ko kallon gorar. In na zo da ɗamara sai ya juya fuska bango. "Ki ƙyale ni. Wanda Allah ya zaunar, ke ce za ki tayar?" Na ci gaba da zaunar da shi da motsa masa gaɓoɓi, ban matsa ba, ban kuma cire dirkokin ba.

Ana haka tsohon jakinsa ya yi miki a gadon baya, ƙuda na bi. Na gaya masa, na ce ban san abin da ake sa masa ba. Ya ce in jawo shi ƙofar ɗaki ya gani.

"Jaki ba ya zuwa dubiya, maigida. Yana gindin rumbu a ɗaure."

Ya harare ni. Can ya ce, "Kawo ɗamarar."

Mun daɗe a hanyar nan. Ƙafar tana ja, jikinsa na ɓari, ya tsaya ya huta ya sake ɗagawa. Da muka isa ya jingina da rumbu, ya shafa wuyan jakin, ya ce a wanke mikin da ruwan kanwa a barbaɗa garin bagaruwa. Ya ƙara da faɗa, wai an bar masa dabba ta lalace. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Hannun hagu bai dawo ba, Kano kuma bai sake ganinta ba. Amma kafin bazara ta ƙare ya bar gora ya koma sanda. Da ruwan shuka ya sauka ya ce shi ma za shi gona. Na ce to, da sharaɗin mu fita da sanyin safiya, in na ce a koma a koma. Ni na ɗauki sungumi ina sara, shi yana biye da ni da iri a aljihu, ya jingina sandar a ƙugu, ya jefa da dama, ya rufe da ƙafa. Maƙwabtan gona suna ta dariya, wai duniya ta juya, mace na sara namiji na binne. Shi ma ya yi dariyar da karkataccen bakinsa. Da rana ta ɗaga na ga zufa ta tsatso masa a goshi, na ajiye sungumi na ce ya isa. Ya ce saura kunya ɗaya. Na ce kunyar tana nan har gobe, na kama shi muka nufi inuwar tsamiya.