Ranar da Aka Kaɗa Ƙuri'a a Kan Ƙafar Ciyaman

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Malam Lawal, akawu a ƙaramar hukumarmu, kuma alƙalin wasan tanis a filin da ke kusa da Ƙofar Sauri. Allah Ya jiƙansa.

Doka ɗaya ya fi riƙewa. Mai sabis, wato wanda zai fara bugo ƙwallo, ba zai taka layi ba sai raket, abin bugun, ya taɓa ƙwallon. In ya taka, laifi ne. In ya maimaita, maki ya tafi. Yakan ce taku ɗaya ne, amma mai yinsa ya rage wa kansa nisa ya ƙara wa abokin wasansa wahala.

Shekarar da soja suka koma bariki, sabon ciyaman ɗinmu ya fara zuwa wasa, da 'yan rakiya cike da mota biyu. Ya ɗaga raket, takalminsa rabi a cikin fili.

"Ƙafa!" in ji Malam Lawal.

Ciyaman ya sake bugawa. "Ƙafa! Maki ya tafi, ranka shi daɗe."

Ciyaman ya yi murmushi. "Malam, mulkin kama-karya ya wuce. A tambayi jama'a. Wa ya ga ban taka ba?"

Hannuwa suka tashi, har da na direban da ke barci a mota sai da aka taso shi.

Malam Lawal ya sauko daga kujera, ya nuna sawun takalmi a kan farar ƙasar layin. "Ranka shi daɗe, kun ci zaɓe. Amma maki na Alhaji Sani ne."

Alhaji Sani, abokin wasan, ɗan kwangila ne. Ya rantse ba ya son makin. Aka tilasta masa.

Kafin sati ya zagayo an mayar da Malam Lawal wani ƙauye da ko ragar tanis babu. Shekara uku yana can, ya dawo da ƙiba da tumaki.

Yanzu na'ura ke duba layi a talabijin. Da yana nan, na san zai tambaya ko ita ma ana iya yi mata canjin wurin aiki.

Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne, ni ma na ɗaga hannu ran nan. Malam Lawal ya gan ni. Har ya koma ga Allah bai tayar da zancen ba, kuma duk Sallah sai ya aiko mini da cinyar rago. Ban taɓa cin ta da daɗi ba.