Guntun Katakon da Na Fere

Kakanmu Dauda kafinta ne a unguwar Chikaji, a Zariya. Ban san shi ba, ina goye ya rasu. Abin da ya bar mana shi ne waɗansu ƙananan akwatuna na katakon maɗaci, kowanne ana iya riƙe shi a tafin hannu. A cikin kowane akwati akwai guntayen katako masu siffa iri-iri, wani kamar ƙugiya, wani kamar matakala, wani a karkace. Wasan shi ne ka zazzage su, sannan ka mayar da su gaba ɗaya har murfin ya zame ya rufe. A gidanmu na Muchia, 'ya'ya muke kiran guntayen. In ka ga akwatin a rufe sai ka raina shi. Zazzage ka gani. Sai ka yi mako kana juyi, kullum ɗa ɗaya yana waje.

Kakanmu ya yi akwatunan da yawa, malaman jami'a na Samaru suka kwashe. Uku ne suka rage a hannun matarsa, Kaka Hannatu, mahaifiyar Baba.

Da damina, in an ci tuwo an yi addu'ar yamma, Kaka takan ja 'yar kujerarta zuwa bakin murhu a ƙarƙashin rumfar kwano, ta jera masara a kan garwashi. Mu biyu ne masu sauraro, ni da Talatu. Talatu 'yar ƙanwar Baba ce, uwarta ta rasu aka kawo ta gidanmu. Ina da shekara tara, ita sha ɗaya. Kaka tana da yadda take buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne, ta shigo." Tana magana yatsunta suna cusa 'ya'ya a akwati, ko kallonsu ba ta yi. Ruwa yana dukan kwano, hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai tashi.

Talatu ta fi ni hannu. Ta rufe akwati na farko, ta rufe na biyu, Kaka ta ce, "Wannan kam hannun Dauda ta ɗauko." Ni ko ɗaya ban taɓa rufewa ba, maganar kuwa ta sa ni kishi.

Na uku mai 'ya'ya goma sha ɗaya ne, shi ne na ƙarshe da kakanmu ya yi kafin ciwo ya kwantar da shi. Baba ya zazzage shi bayan jana'iza, tun daga nan ba wanda ya iya mayar da shi. Kowace Lahadi in an dawo daga coci sai ya zauna da shi har a kira shi cin abinci. Baba ba mai yawan magana ba ne, a nan ne kawai nake ganin yana kewar ubansa.

Wata Asabar da rana na shiga ɗakin Kaka. Tana kwance, na ɗauka barci take. Na sauko da akwatin, na cusa goma, na ƙarshen ya ƙi, da ɗan kaɗan kawai. Na ciro rezar da nake fiƙe fensir, na fere gefensa. Ya shiga, murfi ya rufe. Sai a lokacin tsoro ya kama ni. Na share ɓurɓushin da ƙafa, na mayar da akwatin, na fice.

Washegari Baba ya same shi a rufe. Ban taɓa jin ya yi irin wannan dariya ba. "Wa ya yi wannan? Wa ya rufe akwatin Baba?" Ya zazzage don ya ga yadda aka jera, sai ga wurin da aka fere yana haske a jikin tsohon katako. Dariyar ta ɗauke. Ya dube mu. Kafin ya sake buɗe baki na ce, "Jiya na ga Yaya Talatu da reza."

Ba a yi wani bincike ba, tunda ita aka sani da akwatunan. Baba ya zare bel. Talatu tana cewa, "Kawu, ba ni ba ce, Kawu, ka tambayi Kaka." Kaka tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Da yammar nan aka hura wuta kamar kullum. Talatu ta zauna a karkace saboda bayanta. Kaka ba ta ɗauko akwati ba, hannunta a kan gwiwa ta fara.

Wai wata yarinya ce uwarta ta ba ta ƙore goma sha biyu, ta ce ta jera su cikin kwando ɗaya kafin ta dawo daga rafi. Yarinya ta yi ta yi, ɗaya ta ƙi shiga, sai ta sa haƙori ta ɓalle bakinta. Da uwa ta dawo ta gani, yarinya ta ce akuya ce. Aka kama akuya aka yanka. Tun daga ranar, duk ƙwaryar da yarinya ta kai bakinta sai ruwan ya tsiyaye. Ta bi gari gari da ƙishi, har ta iske wani makaɗi da ya ɗaure gangarsa da fatar akuyar. Ta durƙusa gaban ganga ta ce, "Ni ce, ba ke ba ce." Sai ruwa ya tsaya mata a ƙwarya.

Na ce, "Shi ke nan ta sha?"

Kaka ta juya masara ta ce, "Ta sha, 'yar nan. Amma da ɗaci. Akuya ai ba ta dawo ba. Na sauke a nan, mai so ya ɗauka."

Ban ɗauka ba. Na ci masarata. Da ma Mama tana ƙorafin gida ya yi mana kaɗan, da aka yi hutu sai aka mayar da Talatu wajen dangin ubanta a ƙauye. Daga aji biyar ɗin nan ba ta ƙara shiga makaranta ba.

Yanzu ni malamar makaranta ce a Samaru. Na fi shekara goma ina bin sawun akwatunan kakanmu. Ana gane su da harafin D da ya ƙona a ƙasansu. Na samo biyu a gidan wani tsohon malami da ya yi ritaya, ɗaya kuma a cikin tarkacen wata mai kayan gwanjo a kasuwar Sabon Gari, tana zuba maɓallai a ciki. Da waɗanda na tsinto nan da can, takwas nake da su, duk na iya rufe su. Na Baba ma yana wurina. Ashe ɗan da na fere shi ake fara sawa, a kwance, sauran su hau kansa. Yanzu in an rufe shi ana jin motsi a ciki.

Bara na ji Talatu ta dawo Zariya, tana sayar da kayan miya a Zabi. Na sa ɗaya daga cikin akwatunan a jaka na tafi. Na same ta tana kasa tumatir. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya Talatu, akwatin nan na Baba, ni ce na fere."

Ba ta tsaya da aikinta ba. "Na sani, Rifkatu."

"Tun yaushe?"

"Ranar da za a tafi da ni, Kaka ta kira ni ɗaki ta ƙulla mini gyaɗa. Ta ce idonta biyu ta gan ki. Ta ce in yi haƙuri, gidan ɗanta take zaune, ba ta son abin da zai ɓata tsakaninta da mamanki."

Na miƙa mata akwatin. Ta juya shi, yatsunta duk tsaga, ta miƙo mini. "Ki kai wa 'ya'yanki. Ni ina na ga lokacin wasa?" Wata mata ta zo sayen attarugu, Talatu ta juya wajenta. Na ɗan tsaya, na ga ba ta da niyyar waiwayowa, na tafi.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin hikimar Kaka, yadda ta yi mini faɗa ba tare da ta kunyata ni ba. Har a aji na sha ba da ita. Na daina. Ƙaryar tawa ce, ba na ɗora wa kowa, kuma har gobe in na ji ƙamshin gasasshiyar masara muryarta nake kewa. Amma ni yarinya ce a lokacin, ita kuwa uwar mai gida ce. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta sauke hannun Baba. Ta gani, tana da baki, marainiya tana kiran sunanta, sai ta jira yamma ta ba mu labarin akuya.