Jinin Malam da Ƙwayoyin da Suka Taru

Ni na faɗa masa, da bakina. Sai da na yi jikoki na shiga makarantar manya, kuma tun da idona ya buɗe ba rubutun da ke wuce ni, ko na jikin buhun taki ne. A wayar ɗiyata na karanta wai masu jinin O sun fi tsawon rai. Ban tambayi kowa ba, na adana.

Da matar ɗanmu ta zubar da jini wurin haihuwa a Jega, aka gwada duk wanda ya zo. Na Malam, mijina, ya fito O, amma aka ƙi ɗiba saboda yana da hawan jini. Ya fito jiki a sanyaye.

Na ce, "Haba Malam, saki ranka. Masu irin jininka sai sun ga tattaɓa kunne."

Ya ce, "Malama, wa ya ce miki?" Da wannan sunan yake tsokanata tun da na fara ɗaukar jakar makaranta.

"A rubuce na gani."

Nan take ya yarda. Wurin Malam, abin da aka rubuta ba a musu da shi. Ranar ya fara ɗaukar karatuna da daraja, kuma wallahi na ji daɗi.

Sai ya daina shan maganinsa. Ina ganin ƙwayoyin suna taruwa a gwangwanin da ke kan taga. Ni da ba na raga wa kowa, ni da ke tare dillalin albasa in wanke shi tas, na kasa cewa ƙila ba haka ba ne. Tsoro nake a yi wa makarantata dariya.

Lokacin cirar albasa ne a gonarmu ta Aliero, yana ɗaure bakin buhu, igiyar ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace. A asibiti likita ya ce mini ko da akwai ɗan bambanci tsakanin jini da jini, ba shi ke sauke hawan jini ba, magani ne. Rai kuma na Allah ne.

Hannunsa na dama ya shanye, bai dawo ba. Kunyar ci da hagu yake, don haka ni ke ba shi tuwo a baki. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, da ma ya yi.

Kullum da safe in na kai masa ƙwayar, yakan ce da nauyin harshe, "Malama, wanga ma a rubuce yake?"

In ce, "Haɗiye, Malam. Wanga likita na tambaya."